Kalanda kafin littafi: tsara kwas ɗin kamfanonin ƙasa-da-ƙasa ga ɗaliban digiri na biyu

Wata malama da ba ta daɗe da fara koyarwa a nan Jos ba ta kawo tambaya. An ɗora mata kwas mai yunit uku a kan kamfanonin ƙasa-da-ƙasa, wato kamfanonin da ke da rassa a ƙasashe da dama. Ɗalibanta na digiri na biyu ne, su ashirin da 'yan kai, galibinsu ma'aikata. Shugaban sashe ya ce ta kawo jadawali cikin mako biyu. Ta samo manhajar wata jami'ar Turai, tana tambaya ko ta ɗauke ta ta ɗan gyara, da me ya kamata ta fara, kuma yaya za ta raba maki.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa miki. Manhajar nan da kika samo, ki ajiye ta tukuna. Ba ta da laifi, za ki koma mata daga baya don ki ga abin da suke karantawa. Amma an ɗinka ta ne ga ɗalibin da ba ya aikin komai sai karatu, wanda ɗakin karatu ke buɗe masa har tsakar dare, kuma zangonsa ke farawa ranar da aka ce ya ƙare ranar da aka ce. Naki ɗaliban ba haka suke ba. Abin da za ki fara ɗaukowa shi ne kalanda da fensir.

A takarda, zangon karatu a jami'o'inmu mako 15 ne na lakca, ban da na rajista da na jarrabawa. Ki ƙirga da kanki ki ga nawa za su rage. Makon farko, wani lokaci har na biyu, rabin ajin suna kan biyan kuɗi da sa hannu a takardu. Sai hutun Sallah, wanda ke matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, ko Kirsimeti, ko Ista, ya danganta da zangon, kuma kin san mutum ba ya dawowa ranar da gwamnati ta ce hutu ya ƙare. Akwai ranar da za a kira taron tsangaya a daidai lokacin ajinki. Mu da ke Jos mun san akwai ranar da za a wayi gari da dokar hana fita, Allah ya ƙara mana zaman lafiya. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, da aka dawo kuma aka matse zangunan da suka biyo baya. Saboda haka ni zama 12 nake tsarawa, sauran ukun na bar su fili. A cikin 12 ɗin ma ina sa alama a kan guda takwas waɗanda idan babu su babu kwas. Idan zango ya gajarce, na riga na san abin da zan sauke tun ina cikin natsuwa. Malamin da bai yi haka ba, abin da ke faɗuwa a hannunsa shi ne makonnin ƙarshe, kuma a wannan kwas ɗin makonnin ƙarshe su ne suka fi shafar Nijeriya.

Sai ranar zama. Tunda ma'aikata ne, ki nemi awa uku a haɗe sau ɗaya a mako, da hutun minti goma sha biyar a tsakiya, ya fi awa ɗaya-ɗaya sau uku. Ajinki zai haɗa Musulmi da Kirista, don haka tsakar ranar Juma'a da safiyar Lahadi ba naki ba ne. Safiyar Asabar ta fi kowane lokaci, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, musamman idan akwai masu tasowa daga Abuja ko Lafiya ko Bauchi. Wanda zai bi ta Akwanga ya hau Hawan Kibo yana bukatar ya koma gida da rana a sama. Idan azumi ya faɗo cikin zangon, kar ki sa zama bayan azahar.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Kwas ɗin nan yana da faɗi, akwai tarihi, akwai tattalin arziki, da haraji, da shari'a, da siyasa, kuma sabon malami yakan so ya taɓa kowanne. Maganin wannan shi ne tambaya ɗaya da za ki rubuta a kan allo ranar farko, ki riƙa dawowa kanta kowane mako: me ya sa kamfani ke tsallaka iyaka ya kafa reshe da kansa, alhali zai iya aiko da kaya ko ya ba ɗan ƙasa lasisi, kuma me yake barin wa ƙasar da ya sauka? Duk darasin da bai taimaka wajen amsa ta ba, ki cire shi ko da yana cikin littafi. Rabin farko na zangon na ɓangaren farko ne na tambayar, rabi na biyu na ɓangare na biyu.

Zaman farko kuwa kar ki ɓata shi a karanta manhaja. Kina zaune a garin da kamfanonin waje suka gina, ki fara da kuza. Tun kafin Turawa, mutanen Liruwe suna narkar da kuza suna sayarwa. A farkon shekarun 1900 Kamfanin Neja ya turo masu bincike suka hau tsaunin nan, kuɗin 'yan kasuwar Landan suka biyo baya. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru domin fitar da kuza. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, yana samar da lantarki daga ruwan Kurra domin injinan haƙa. A ƙarshen shekarun 1930 manyan kamfanonin suka haɗe suka zama kamfani ɗaya mai suna ATMN a Bukuru. Da Japan ta kame Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta rasa kuzar can, sai aka yi ta kwaso mutanen Arewa aikin tilas zuwa filayen kuza daga 1942 zuwa 1944, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Ɗanyar kuzar Ingila ake kai ta a narkar, sai a farkon shekarun 1960 aka samu matatar Makeri a nan Jos. A Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, abin da ya rage na manyan kamfanonin ya watse, aka bar mana kududdufai da tsibin ƙasa. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi a 1981 a kan jari da ma'aikata a waɗannan filaye, ki nemo babi ɗaya ko biyu ki ba su.

Dalilin da ya sa nake farawa da wannan, duk abin da za ki koyar a mako 12 yana cikinsa. Akwai dalilin zuwa, akwai fasaha da jarin da ɗan ƙasa bai da su, akwai gwamnati da yadda ta tsaya wa kamfani, akwai tambayar inda ake ƙara wa kaya daraja, akwai ma'aikata, akwai ficewa da abin da aka bari. Kuma a ajinki, in sha Allahu, za a samu wanda kakansa ya zo Jos daga Kano ko Barno ko Enugu saboda kuza, da wanda gonar kakansa ce ta zama kududdufi. Idan waɗannan biyun suka yi magana a zaman farko, ba za ki sake fama da aji mai shiru ba.

Zama na biyu na alƙaluma ne, kuma mutane kan raina shi. A nan ɗalibi zai koyi bambancin jarin kai-tsaye, inda mai kuɗi ya mallaki aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kamfani yana da ta cewa a gudanarwa, da kuɗin da ke shigowa sayen takardun bashi da hannun jari su fita gobe. Ki buɗe musu rahoton zuba jari na duniya da hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ke fitarwa kowace shekara tun 1991, da rahoton shigowar jari na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa mai fitowa duk wata uku. Za su gani da idonsu cewa Legas da Abuja ne ke kwashe kusan duka. Ki kuma nuna musu cewa sanarwar za a zuba jari daban take da jarin da ya shigo, domin jaridu kan haɗa su.

Zama uku na gaba na ra'ayoyin masana ne, kuma ina ba ki shawarar ki bi su yadda suka zo a tarihi, don kowanne amsa ne ga gibin wanda ya gabace shi. Stephen Hymer, a kundin digirinsa na uku na 1960 wanda ba a buga ba sai 1976, shi ya fara cewa baƙon kamfani yana shigowa ne da rauni, bai san kasuwa ba, bai san hukuma ba, don haka dole yana riƙe da wani fifiko da ya rinjayi wannan raunin, kuma iko yake nema, ba riba kawai ba. Raymond Vernon a 1966 ya nuna yadda kaya ke farawa a ƙasa mai arziki, idan ƙirarsu ta zama gama-gari sai masana'anta ta koma inda aiki ke da araha. Buckley da Casson a 1976 suka tambayi me ya sa kamfani ke yin abu a cikin gidansa maimakon ya saya a kasuwa. John Dunning a 1977 ya tattara su cikin tambayoyi uku: me kamfanin ya mallaka, me wurin ke da shi, me ya hana shi ba wani lasisi. A shekarar nan kuma Johanson da Vahlne suka nuna yadda kamfanonin Suwidin ke fita sannu-sannu, suna farawa da ƙasashen da suka yi kama da tasu. Waɗannan sun isa. Kowane zama ki raba shi biyu, awa ɗaya da rabi na ra'ayi, sauran a gwada shi a kan kamfanin da ɗalibai suka sani. Ki tambaye su ko tambayoyin Dunning sun bayyana yadda Tolaram na Singafo ya mayar da Indomie abincin kowane gida, ko yadda wayoyin Tecno da Itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin suka cika kasuwar Taminus. A inda ra'ayin ya gaza, a nan karatun digiri na biyu yake.

Hanyoyin shiga kasuwa da yadda hedikwata ke tafiyar da rassa, zama ɗaya ko biyu sun wadatar, kowane littafi ya yi bayaninsu da kyau. Misalin da nake so a nan shi ne masana'antun haɗa motoci na haɗin gwiwa da gwamnati a shekarun 1970, Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Volkswagen a Legas. A nan ne za ki sa gwajin tsakiyar zango.

Rabi na biyu shi ne wanda manhajar Turai ba za ta ba ki ba, domin su daga kujerar hedikwata suke kallo, mu kuwa masu masauki ne. Ki ba shi aƙalla zama huɗu, kuma uku daga ciki su shiga cikin takwas ɗin da ba a taɓawa. Na farko, ciniki tsakanin kamfani da gwamnati. Vernon ya nuna a 1971 cewa kafin kamfani ya zuba kuɗi shi ke da ƙarfi, da zarar ya binne jarinsa a ƙasa sai ƙarfin ya koma hannun gwamnati. Ki bi da su ta dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, zuwa dokar 1995 da ta kafa hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC, ta buɗe ƙofa baƙo ya mallaki kamfani gaba ɗaya a yawancin fannoni, zuwa dokar 2010 ta ba 'yan ƙasa kaso a harkar mai. Labarin MTN ya dace da nan: ya sayi lasisi a 2001 kan dala miliyan 285, a 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci shi tarar naira tiriliyan 1.04 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, aka sasanta a 2016 kan naira biliyan 330, a 2019 kuma ya shiga kasuwar hannun jari ta Nijeriya. Ki raba ajin biyu, wasu su tsaya wa hukuma wasu su tsaya wa kamfani.

Na biyu haraji, wato farashin da reshe ke sayar wa ɗan'uwansa reshe, da kuɗin amfani da suna da na taimakon fasaha da ake biyan uwar kamfani, waɗanda ta hanyarsu riba kan tashi daga ƙasa mai haraji ta sauka inda babu. Nijeriya ta yi ƙa'idojinta kan wannan a 2012, ta sabunta a 2018, kuma a Oktoban 2021 tana cikin ƙasashe huɗu da suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar duniya ta mafi ƙarancin harajin kamfanoni na kashi 15. Wannan zaman ba a yin sa da lakca. Kowa ya zo da rahoton shekara na kamfani ɗaya, a buɗe shafin mu'amala da kamfanoni 'yan'uwa, a karanta tare. Na uku ficewa: Shoprite ya sayar da shagunansa na Nijeriya a 2021, kamfanin magunguna na GSK da Procter & Gamble suka sanar da janye ayyukansu a 2023, shekarar da aka saki naira ta faɗi, Shell kuma ya sanar da sayar da kamfaninsa na haƙar mai a tudu a farkon 2024. A nan ki dawo da su kan kududdufan Bukuru, ki tambayi wa ke da alhakin gyara idan kamfani ya tafi. Na huɗu namu da suka fita waje, simintin Dangote a Habasha da Senegal da Zambiya da Tanzaniya, bankin UBA a ƙasashen Afirka 20, da yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka da Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019. Ɗalibai kan sauya murya idan kamfanin namu ne, kuma yana da kyau su ji hakan da kunnensu.

Batun maki, ki fara tambayar makarantar digiri na biyu abin da dokarsu ta ce, domin wasu 30 da 70 suke yi, wasu 40 da 60. Idan 40 ne a hannunki, ni 20 nake ba babban aikin zango, 10 gwajin tsakiya, 10 shafi ɗaya da kowa ke kawowa kafin zama a kan abin da ya karanta. Babban aikin shi ne kamfani ɗaya ga kowane ɗalibi, ya amsa tambayar kwas ɗin a kansa. Daga ranar miƙa shi za ki ƙirgo baya ki sa ranaku: zaɓen kamfani a zama na biyu, shafi biyu na bayanai da inda aka samo su a zama na biyar, daftarin farko a zama na tara, gabatarwa a na 12. Ki ce su zaɓi kamfanin da ke buga rahotonsa, irin Nestlé ko Unilever ko Lafarge ko MTN na Nijeriya, don wanda ya zaɓi kamfanin da ba ya fitar da alƙaluma zai ƙare da kwafo tallarsa. Ban cika son aikin rukuni ga ma'aikatan da ke zaune a garuruwa daban-daban ba, mutum ɗaya ke yi, huɗu su sa suna. Yanzu da manhajojin kwamfuta ke rubuta wa mutum maƙala, minti biyar na tambaya baki da baki bayan gabatarwa zai nuna miki wanda ya yi aikinsa. Kuma don Allah ki mayar musu da makinsu kafin jarrabawa, haƙƙinsu ne.

Karatun mako kar ya wuce abu biyu, maƙala ɗaya da labarin kamfani ɗaya, shafi arba'in ko ƙasa da haka. Mutumin da ya tashi ofis ƙarfe huɗu, ya tarar babu wuta a gida, idan kika ba shi shafi ɗari ba zai karanta ko goma ba. Ki tattara na zangon duka ki ba wakilin aji tun makon farko, ya sa a WhatsApp, a kuma ajiye kwafi ɗaya a shagon fotokofi.

Fita waje da gayyatar baƙo suna ƙara wa kwas armashi, amma su ne suka fi wargaza jadawali. Zagayen Bukuru da Rayfield rabin yini ne, ki sa shi a farkon zango, da rani ya fi, ki nemi izinin mai unguwa, kuma kar kowa ya matsa bakin ruwa, kududdufan nan suna da zurfi, sun ci mutane. Tafiya Abuja kuwa, zuwa NIPC ko hukumar NOTAP mai rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha, sai ki sa ta a ɗaya daga cikin makonni ukun da kika bari fili. Na taɓa gina zaman haraji kacokan a kan wani jami'in kamfani da ya yi alkawarin zuwa, daren ranar ya aiko cewa an kira shi Legas. Zaman ya tafi a banza, ɗalibai biyu kuwa tun daga Abuja suka taso, abin ya daɗe yana damuna. Tun daga lokacin baƙo rabin zama nake ba shi, ɗaya rabin nawa ne, kuma ina zuwa da abin da zai cike gurbinsa.

Abin da za ki kai wa shugaban sashe shafi biyu ne: tambayar kwas ɗin a sama, zama 12 da ainihin kwanan watansu, karatun kowanne, ranakun miƙa aiki, da rabon maki. Takwas ɗin nan ki ja musu layi a kwafinki. Wasiƙun neman ziyara kuma ki rubuta su cikin makon nan ki kai masa ya sa hannu tare da jadawalin, domin amsar ofisoshin gwamnati takan ɗauki makonni, kuma sai an bi ta da ƙafa.